Kuɗin Argungu a ina suke kwana?

  

Yau maganar otal za mu yi. Na san wani daga jin haka ya ce, to fa, yau kuma ina aka nufa? A wajenmu kalmar otal tana da nauyi a baki, za mu zo kan wannan ma. Amma ku ba ni aron kunnuwanku tukuna, don maganar ta shafi aljihun matashin Argungu da na Birnin Kebbi kai tsaye.

Bari in fara da labari.

A watan Maris na 2020, lokacin da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an shafe kusan shekara goma ba a yi ba, ina ɗalibi. Wani abokina da muke aji ɗaya, ɗan Jos, ya ce lallai sai ya zo ya gani da idonsa. Tun yana firamare yake ganin hoton masunta da goruna a littafi. Na ce bismillah. Shi ya nemi masaukinsa da kansa ta waya, ya turo min hotuna yana murna: gado babba, na'urar sanyaya ɗaki, banɗaki fes, farashi da sauƙi. Wanda ya ɗauki wayar ya ce masa, ai kusa muke da wurin biki.

Kusa ɗin nan, jama'a, ashe a can wani gefen Birnin Kebbi ne, bayan an sauka daga kwalta an yi tafiya cikin rairayi. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kuwa tafiyar kusan kilomita 50 ce. Ranar babban kamu ya tashi tun asuba, ya tsaya a ƙofar otal babu keke napep, babu ɗan kabu-kabu. Ya taka da ƙafa har bakin titi. Kafin ya kai tasha, motocin farko sun cika sun tashi, kuɗin mota ya hau. Hanya ta cushe da ayarin manya. Lokacin da ya iso Matan Fada, masunta sun riga sun faɗa ruwa, wasu har sun fara fitowa. Wanda ya san bikin ya san abin da ake zuwa gani shi ne wannan daƙiƙar da dubban mutane suke rugawa cikin kogi lokaci ɗaya, kuma kamun gaba ɗaya bai cika wuce awa guda ba. Giwan ruwan da ya ci gasa a shekarar, mai kilo 78, a wayar wani ya gan shi.

Da dare na tambaye shi, ya masauki? Ya ce, aboki, ɗakin ba shi da laifi ko ɗaya, amma ba zan sake kwana a can ba, kuma ba zan tura kowa ba.

Wannan amsar ta daɗe tana yi min yawo a kai. Mai otal ya kashe kuɗi a kan tayil da labule da talabijin, ma'aikatansa ba su yi wa baƙo rashin kunya ba, amma baƙo ya tafi da ɓacin rai. Me ya sa? Saboda ba gado ya kawo shi Kebbi ba, gado yana da shi a gida. Akwai abin da ya kawo shi, kuma da wannan abin yake auna masauki: ya kusantar da ni da buƙatata ko ya nisanta ni?

Duk wanda a gidansu aka taɓa zuwa aikin Hajji ko Umara ya san wannan lissafin. In alhazai sun dawo, tambayar farko a kan masauki ita ce, minti nawa ne zuwa Harami? Ba wanda yake fara tambayar launin kafet. A Madina, in aka ce an sauke mutane a Markaziyya, kowa ya san an huta, don ƙafa za ta kai ka masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, sau biyar a rana. A Makka, ɗaki ɗan ƙarami da ke kallon Harami ya ninka kuɗin falo guda a Aziziyya. Tsohuwar da aka sauke nesa, ko abincin otal ɗin ya fi na kowa daɗi, da kukan ƙafa za ta dawo.

Kuma ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu fatake da suke bin hanyar Gwanja fataucin goro, suna yada zango a garuruwa irin su Jega, sun san inda ake kafa zango: wurin da akwai ruwa, dabbobi za su samu abinci, kasuwa kuma ba nisa. Fatoma, wato mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, gidansa ba ya nesa da ciniki, don shi ne zai ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso. Har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Accra sunan zango suke amsawa. Wato tun kafin a kawo mana kalmar otal, mun san masauki da muhallinsa abu ɗaya ne.

To mu dawo gida. Su wa ke zuwa Birnin Kebbi su kwana?

Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991 aka mai da Birnin Kebbi babban birni, yawancin baƙinmu baƙin aiki ne. Akwai wanda ya zo bin fayil a sakatariya ko ganawa a gidan gwamnati. Akwai mai jinya da ya kawo mara lafiya asibitin tarayya ko asibitin tunawa da Sir Yahaya. Akwai iyayen da suka rako ɗalibi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko Jami'ar Tarayya da mazauninta na dindindin yake wajen Kalgo. Akwai 'yan kasuwar shinkafa, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a nan garin a Nuwamban 2015, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Akwai 'yan ɗaurin aure. Akwai wanda zai kama jirgin safe a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa.

Kowane ɗaya daga cikinsu, ma'anar wuri mai kyau a wajensa daban take. Mai jinya yana son inda in an kira shi ƙarfe biyun dare zai isa gadon asibiti cikin minti goma, kuma akwai kantin magani da mai shayi a kusa. Ɗan kasuwar shinkafa yana son bakin babbar hanya, inda zai ajiye mota ya kwana hankali kwance. Wanda ya zo ba da horo na kwana uku yana son shiru irin na GRA ko Gesse, don ya yi barci ya shirya aikin gobe. Ka ɗauki mai jinyar nan ka kai shi inda mai ba da horo yake jin daɗi, zai ce an jefar da shi. Ka ɗauki mai ba da horon ka kai shi kusa da tasha, zai ce bai runtsa ba. Kun ga ke nan tambayar da ta kamata mai gina otal ya fara yi wa kansa ita ce, wa nake jira? Mu kuwa abin da aka saba, mutum ya samu fili mai araha, ko ya gaji fili, ya gina, sannan ya zauna jiran duk wanda Allah ya kawo.

Yanzu bari in lissafo muku hanyoyin da wuri yake shiga cikin ran baƙo, tun daga kan kuɗi.

A ce, misali kawai nake bayarwa, ga ɗaki na naira dubu 15 a bayan gari, ga wani na dubu 20 a cikin gari kusa da abin da ya kawo ka. A waya na farko ya fi araha. Amma in za ka fita sau uku a rana, kuma kowace fita sai ka ɗauki shatar keke saboda babu mai bin layin, kafin dare dubu biyar ɗin da ka rage ta tafi, har ta ja 'yan uwanta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan lissafin ya ƙara tsanani. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Abin lura shi ne baƙo ba ya raba kuɗin ɗaki da kuɗin keke a zuciyarsa. Duka a kan otal yake ɗora su.

Sai zafi. Wanda bai taɓa zuwa Kebbi a watan Afrilu ba ba zai gane ba. Ma'aunin zafi yana haura digiri 40, tafiyar minti goma a ƙafa da tsakar rana hukunci ce. A Jos ana iya cewa baƙo ya ɗan taka zuwa bakin titi. A nan in ka ce masa haka da ƙarfe ɗaya na rana, ka yi masa laifin da ba zai manta ba. Kuma zafin nan shi ke sa maganar wuta ta zama maganar wuri. Layukan lantarki ba ɗaya ba ne, wata unguwa tana samun awanni fiye da wata. Otal ɗin da ke kan layi mara ƙarfi, ko dai ya ƙona dizal ya ɗora wa baƙo, ko ya kashe janareto ƙarfe sha biyun dare ya bar shi da mafici da sauro.

Tunda na ambaci sauro, mu yi maganar ruwa. Garuruwan nan biyu a bakin fadamar Rima suke. Fadamar nan ita ce arzikinmu, ita ke ba mu shinkafa da kifi. Amma ita ce kuma take cika ta batse, kamar yadda muka gani a daminar 2020 lokacin da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a jihar nan. Masaukin da ke kallon kogi a watan Fabrairu abin sha'awa ne, iska mai sanyi, ga masunta a cikin kwalekwale. Wannan wurin dai a watan Agusta, in ba a ɗaga ginin ba, ba a yi magudanar ruwa ba, ba a sa raga a tagogi ba, wani labari ne. A cikin gari ma haka: layin da babu kwalbati, ruwan sama na awa ɗaya ya isa ya raba baƙo da motarsa.

Sai hayaniya. Baƙon da ya kwana a garin Musulmi ya san zai ji kiran sallar asuba, yawancinsu ma so suke masallaci ya kasance kusa. Abin da ke hana barci shi ne janareton maƙwabci a gindin taga, gidan biki da lasifika har ƙarfe ɗaya, manyan motoci masu sauke kaya da tsakar dare. A gefe guda kuma, shirun da ya yi yawa shi ma tsoro ne. Baƙon da aka kai shi inda babu fitilar titi, babu mai shago, babu motsin mutane bayan isha'i, a wannan zamani da kowa ke jin labaran rashin tsaro, ko da unguwar lafiya lau take, zuciyarsa ba za ta kwanta ba. Musamman mace. 'Yan uwa mata da ke yawon aiki, ma'aikatan lafiya, 'yan jarida, masu yi wa ƙasa hidima, ku tambaye su. Kafin su tambayi farashi suna tambayar, in na dawo bayan magariba, akwai haske a layin? Mai keke zai yarda ya shiga?

Na ƙarshe a wannan jerin shi ne ciki. Baƙo yana son ya fito ƙofa ya samu mai shayi da safe, mai tsire da yamma, inda zai ci tuwon shinkafa da miyar kifi ba tare da ya biya kuɗin otal ba. In ka tambayi mutum abin da ya tuna da wani gari, da wuya ya ce maka katifa. Zai ce maka kifin da ya ci a bakin hanya, da dattijon da ya nuna masa kwatance bai karɓi ko sisi ba. Waɗannan mutanen ba ma'aikatan otal ba ne, amma suna cikin abin da baƙo yake ba otal maki a kai.

To yanzu ga inda maganar take min ciwo.

Bikin Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka shirya kamun kifi don girmama shi, alamar an rufe babin gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Wato asalin bikin nan gaba ɗaya karɓar baƙo ne. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Garin yana da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, inda kaburburan sarakuna suke da kayan yaƙi na da. Yana da Matan Fada, yana da wasannin Kabanci, tseren kwalekwale, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. An gina ƙauyen masunta da masaukin baƙi a kusa da filin bikin. Amma duk wanda ya taɓa halarta ya san ɗakunan garin ba sa ɗaukar ko kusa da yawan mutanen da ke zuwa. Manyan baƙi da tawagoginsu sun cinye na kirki tun kafin a fara. Sauran jama'a sai Birnin Kebbi, wasu har Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100.

Ku yi tunanin abin da hakan yake nufi. Baƙo ya shigo Argungu da hantsi, ya yi kallo, ya sayi ruwan leda da rake, la'asar na yi ya shiga mota don kada dare ya yi masa a hanya. Kuɗin ɗaki, kuɗin abincin dare, kuɗin karin kumallo, wanki da guga, tsarabar da ake saye a natse da yamma, duk sun bi shi sun tafi. Baƙon da ya kwana shi ke kashe kuɗi. Wanda ya zo ya koma a yini, ƙura ya tayar mana da ledoji. Argungu ce ke da kogi da masunta da tarihi, ita ke share filin bayan an watse, amma kuɗin a wani gari suke kwana. Shi kuma baƙon ya koma gida yana cewa biki ya yi kyau amma an sha wahala, kuma wannan amma ɗin ita ce ke hana maƙwabcinsa zuwa baɗi.

Na san abin da mai kuɗi zai ce min, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce, yaro, biki kwana huɗu ne. Sauran kwana 361 wa zai kwana a ɗakunan? Ya ƙara da cewa, bikin ma da aka taɓa dakatar da shi shekara goma, in gina otal in zauna ina gadin gizo-gizo? Wallahi wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ba a amsa ta da zagi. Babu wanda zai zuba miliyoyi a kan abin da ba shi da tabbas.

Amsata kashi biyu ce. Na farko, tabbas ɗin aikin gwamnati da masarauta ne. In aka tsayar da lokacin biki, aka sanar tun watanni kafin ya zo, aka riƙa yi ba fashi, mai kuɗi zai iya lissafi, baƙon Legas ko na Yamai ma zai iya shiri. Sannan Argungu ba kwana huɗu kaɗai take da rai ba. Ga masana'antar shinkafa da masu kawo mata kaya, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, ga gidan tarihin da ya kamata a ce ɗaliban makarantun Sakkwato da Zamfara da Neja suna zuwa duk zangon karatu. Tarukan bita da ma'aikatu ke yi, me zai hana a riƙa kai wasu can, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga babban birni?

Na biyu, ba dole sai bene mai hawa biyar ba. Cunkoson kwana huɗu ana magance shi da abin da ake shimfiɗawa a naɗe. Gidaje nawa ne a Argungu suke da ɗakin baƙi ko shagon saurayi da babu kowa a ciki? In aka yi rajistarsu ta hannun masu unguwanni, aka duba tsafta da banɗaki da ruwa, aka ware gidajen da mata kaɗai za su sauka a hannun matan gida, aka sa farashi a fili, to fatoma ya dawo da sabuwar riga. Kuɗin kuma kai tsaye zai shiga hannun uwar gida da ta dafa, da yaron da ya ɗebo ruwa, da matashin da ya raka baƙo gidan Kanta ya ba shi tarihin Surame da Muhammadu Kanta.

Wani zai ce, mu da muka gaji baƙonka annabinka, yanzu kuma mu karɓi kuɗin baƙo? Ai ba wanda ya ce ka caji ɗan uwanka ko almajirin da dare ya yi wa. Amma mutumin da ya hau jirgi daga Abuja da kyamarar miliyan biyu a wuya, ya zo da niyyar biya, in ba ka karɓa ba wani zai karɓa a wani gari. Fatoman da ma ai yana da la'adarsa, kuma ba wanda ya ce ya zubar da mutunci.

Sai maganar da na yi alkawari a farko, nauyin kalmar otal. Gaskiya ne, a unguwanninmu in aka ji za a gina otal, dattawa sukan tashi tsaye, suna tsoron shaye-shaye da lalata tarbiyya. Ba zan ce tsoron banza ba ne, don akwai wuraren da suka jawo wa sana'ar wannan suna. Amma ku duba abin da ke biyo baya. An kori otal zuwa bayan gari inda babu idon kowa, can ne kuwa abin da ake tsoron ya fi samun wurin zama. Shi kuma baƙon kirki, mai jinya, malamin da ya zo duba jarrabawa, hajiyar da ta zo sarin shinkafa, shi aka hukunta da nisa da duhu. A ganina masaukin da ke bakin titi a cikin jama'a, mai rajistar baƙi da katin shaida, mai ƙa'idoji a rubuce a ƙofa, wanda mai unguwa ya san mai shi kuma zai iya kiransa, ya fi zama lafiya ga tarbiyyar unguwa a kan wanda aka ɓoye a daji.

To me za mu yi, mu da ba mu da kuɗin gini?

Ga masu otal da ma'aikatansu, don na san wasunku suna jin mu: ba za ku iya ɗaga gini ku matsar da shi ba, amma za ku iya rage wa baƙo nisan. Abu na farko gaskiya. In kilomita 50 ne, ku ce 50 ne. Abokina ɗan Jos da an gaya masa gaskiya, da ya shirya mota tun dare, da bai rasa abin da ya zo gani ba, da yau yana tura muku mutane. Baƙon da aka gaya wa nisa ya zo da saninsa, ba ya jin haushi. Wanda aka ce wa kusa ne ya tarar da nisa, shi ke zuwa intanet ya ba ku tauraro ɗaya. Sannan ku ƙulla da masu keke biyu ko uku amintattu, lambarsu tana wurin karɓar baƙi, farashi a rubuce. Ku sa fitilar sola a layinku. Lokacin biki, ku haɗa kai ku ɗauki bas da za ta tashi bayan sallar asuba ta kai baƙinku Argungu ta dawo da su. Duk waɗannan ba su kai kuɗin tayil ɗin falo ɗaya ba.

Ga hukumomin da ke ba da izinin gini da tsara birni: kafin a sa hannu a takardar otal, a duba hanya, magudanar ruwa da maƙwabta. In an karɓi haraji a hannun masu masauki, a gani a layinsu.

Mu kuma matasa, ga aikin da waya kawai yake buƙata. Ku buɗe Google Maps ku duba garinku. Za ku ga masaukai da yawa ba sa kai, wasu alamar tana nuna wani layi daban, wasu babu lamba babu hoto. Baƙon yau da wayarsa yake zaɓar inda zai kwana tun kafin ya baro gida. Wurin da ba ya kan taswira, a wajensa babu shi. Ku je ku sami mai wurin, ku daidaita masa alamar, ku ɗauki hoton gaskiya har da na hanyar shiga, ku rubuta minti nawa ne zuwa asibiti, zuwa tasha, zuwa fada, zuwa Matan Fada. Wannan sana'a ce, ana biya. In kun kwana a wuri, ku rubuta ra'ayinku da Hausa, ku faɗi alheri ku faɗi gyara, ban da cin mutunci ban da ƙage. 'Yan Argungu kuma, musamman waɗanda suka karanta tarihi suke zaune ba aiki, ku haɗu ku biyar ku goma, ku je wurin iyayen ƙasa da tsarin saukar baƙi a rubuce tun kafin biki ya matso, kada ku bari sai saura mako guda.

Abokin nan nawa har yanzu muna waya. Kwanaki ya ce min yana son ya sake zuwa, wannan karon da matarsa da ɗansu. Tambayar da ya yi min ɗaya ce: akwai inda za mu kwana mu taka da ƙafa zuwa bakin ruwa? Na ce masa ya ba ni lokaci. Ina son ranar da zan ba shi amsa, ya zama gidan wani ɗan Argungu zan kwatanta masa, kuɗinsa kuma su kwana inda ya kwana.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Wanda ya taɓa sauka a Birnin Kebbi ko Argungu, me ya burge ka da unguwar da ka kwana, me ya ɓata maka rai? Don Allah kada a kama sunan otal ko na mutum, darasin muke nema. 'Yan Argungu, in aka ce a yi rajistar ɗakin baƙi, gidanku zai shiga ko Baba zai ce a'a? Ku gaya mana dalilinsa, za mu karanta a shiri na gaba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Kebbi da Najeriya baki ɗaya, ya sa baƙinmu su riƙa komawa gida da alheri a bakinsu. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.